Kurɓi Biyu a Gindin Kofi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwa ta cika wa baƙon ɗanta kofi fal da shayi. A ƙasarsu ta kwarin Fargana kuwa ma'anar haka ɗaya ce: sha ka kama gabanka.

"Haba Inna," ɗanta ya raɗa mata. "Faston nan daga Koriya ya zo taya mu. Mu tara ne, ɗakinki kaɗai muke da shi na yin sujada."

"Ni na aike ka bin sabon addini? Ku nemi wani wuri."

Baƙon ya karɓa da hannu biyu. "Mama, ban taɓa ganin mai kyauta irinki ba!"

Lahadi bakwai tana cika kofin, shi kuwa bawan Allah sai godiya. Ya liƙe mata tanderun da ya tsage, ya zauna yana jin labarin marigayi mijinta, wanda kowa ya gaji da ji.

A ta takwas ta zuba masa kurɓi biyu kacal. Ya leƙa cikin kofin.

"Mama, laifi na yi?"

"Ji sakarai," in ji ta. "Kaɗan ake zuba wa na gida, a yi ta ƙara masa, kada ya tashi."

Ita dai ba ta bar sallarta ba har ta rasu. Faston ya koma ƙasarsu da furfura, ɗan ya gaje shi. Har yau a ɗakinta ake taruwa, kuma ba a cika wa kowa kofi.