Gurbin da Suka Ba Auta

"Kar ki kwance mata kitson nan, ya yi kyau," in ji shugabar makarantar, tana jujjuya kan 'yata Auta kamar mai taya akuya a kasuwa.

Ranar gwaji ce. Ba mu daɗe da komawa ƙasar waje ba, mun zaga makarantu har takalmina ya suɗe, wannan ce ta kwanta mana a rai: harshe biyu, yara daga ko'ina. Suka sa wa Auta rigar makaranta, suka zaunar da ita a tsakiyar aji, wani mai kyamara yana ta ɗaukar su. Ni kuwa baki har kunne.

Bayan mako guda suka kira babanta, wai babu gurbi. Amma ɗan maƙwabciyarmu, farar fata, da ya je bayanmu, an karɓe shi.

"Ki bar su, rabonta ba a can yake ba," in ji babanta. Na haɗiye. Muka kai ta wata ƙaramar makaranta a bayan gari.

Jiya muna cikin mota, mun tsaya a danja, Auta ta hau dukan gilashi. "Mama! Ga ni can!"

Motar makarantar ce a gefenmu. A jikinta ga ƙaton hoton 'yata tana dariya, da kitson da na wuni ina yi. A ƙasa an rubuta: "Kowane yaro namu ne."

Na bi yaran da ke tagogin motar da kallo. Babu mai kalar Auta ko ɗaya. Tir!

Ashe akwai gurbi. A jikin mota ne, ba a cikinta ba.