Haƙƙin Mai Iƙama

"Kuɗin sallama na mai iƙama ne," in ji Kawu Abdulghani, ya ture ni ya shige ofis.

Shekaru ina dako a sito da sunansa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, shi yana can Kurayyat yana kasuwancinsa. Ni umara ta kawo ni na maƙale, ba ni da takarda. Yau an rage ma'aikata, wa zan kai wa kuka?

Ina raɓe a ƙofa ya sa hannu a takardar sallama.

"Halas, an gama," in ji manaja. "Ga kuɗinka, ga tikitinka. Mun soke iƙamarka, tafiya ce ba dawowa."

Kawu ya waigo. "Ɗan'auta, gaya masa kai ne ma'aikacin!"

Na sunkuyar da kai. "Ai na mai iƙama ne, Kawu."