Farin Matacin Hansatu

Tun da iska ta bushe har tana tsaga huhu, hukuma ta ba kowane gida 'yar raɓa, na'urar da ke jiƙa iskar ɗaki. Numfashin mutanen gida ne ke baƙanta matacinta. Gidan da matacinsa ya cika fari kuwa, ɗauke na'urar ake yi a kai inda ake da yawa.

Ranar Alhamis mata suka taru a bakin famfo wankin mataci, malamin hukuma mai duba matacin yana tsaye. Hansatu ta ɓoye nata cikin mayafi. Tun rasuwar mahaifiyarta ita kaɗai ke numfashi a gidansu.

A gabanta maƙwabciyarta Tasalla ke dirzar nata, baƙin ruwa na kwarara. Hansatu ta kalli ruwan. Mutum tara a gidan Tasalla, har da mai minshari!

"Wallahi sun ishe ni," in ji Tasalla, tana murmushi. "Ke kam kin huta, 'yar boko. Kawo naki ya wuni a ɗakina, yarana su hura miki."

"Na gode, Yaya. Numfashina ya ishe ni."

Malamin ya ɗaga matacin Hansatu, hasken rana ya ratsa shi. "Mako ɗaya na ba ki, malama."

Ba ta wanke ba. Ta koma gida, ta toshe taga da zane, ta zauna dab da na'urar. Ta jawo tsofaffin littattafanta na makaranta tana karantawa da ƙarfi, har muryarta ta dushe. Ta kurɓi ruwa, ta buɗe wani.