Kafin Asabar

Alhaji Baha'uddeen ya farke wata leda da haƙori, ya zazzage sababbin kwanson harsashi a faranti. Tagulla ce zalla, ba albarushi a ciki tukuna. Ranar Asabar ƙungiyarsu ta masu harbin saiti za ta yi gasa a bayan gari, kuma ya rantse ba zai je da harsashin kanti ba. Bara da shi ya sha kaye.

A wajensa, kwanso bai isa ɗuri ba sai ya bi ta hannunsa. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga shi wajen taga, ya auna tsawonsa, ya kankare bakin da ɗan ƙarfe, ya goge da tsumma. Jirgin ƙasan London na District line ya wuce ta bayan gidansu, farantin ya yi ƙara. Ko ɗagowa bai yi ba.

Matarsa Karimatu ta shigo da shayi. Ta buɗe durowar ƙarfen da aka yi don ajiye bindiga, ta ciro zanen gado, ta rufe.

"Dubi aikin kamfanonin yanzu," in ji shi. "Sabon kaya, amma baki kamar reza, ga shi duk sun gaza tsawo."

"Sai haƙuri, Alhaji."

"Fa'iz ya yi mana booking na shiga gasar?"

"Ya yi." Fa'iz, ɗan nasu, yana can garin Leeds, amma ba ta tsaya dogon bayani ba.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana mita, har yatsansa ya yi jini bai sani ba. Karimatu ta naɗe masa shi da filasta. Ba ta ji tausayi ba, ba ta ji haushi ba. Ta daɗe ba ta jin komai.

Da azahar ya gama. Ya jera su tsaye, ya ja baya yana kallonsu.

"Gobe sai ɗuri. Wannan karon kofin namu ne."

Ya yi sallah, ya kishingiɗa, barci ya kwashe shi.

Karimatu ta tattara kwanson, ta mayar cikin ledar, ta jona dutsen guga ta liƙe bakin, ta ajiye inda zai gani da safe. Haka take yi kullum, tun shekarar da likita ya ce mantuwar Alhaji ba ta warkewa, 'yan sanda suka zo suka karɓi bindigar.