Bayan Ɗan Tsani

Shekara goma sha tara Malam, mai gidana, yana kula da manhajar da ke karanta takardar umarnin kowane gida. Ka rubuta a waya lokacin da famfo zai kawo ruwa da wanda ƙofa za ta buɗe wa, ita ta karanta wa na'urori. Ban yi boko mai nisa ba, amma ya koya mini abu ɗaya: duk layin da ya fara da alama mai kama da ɗan tsani, manhajar tsallake shi take yi. Na mutane ne. Nan yake bar mini saƙo: "Tabawa, ki sha maganinki."

Ranar sadakar arba'in ɗin Malam wani Sagir ya zo, wai abokin aikinsa ne. Ban taɓa jin sunan a bakin Malam ba.

"Inna, mabuɗin manhajar marigayi muke so, mu saki gyara ga duk gari. Na sa miki gyaran a gidan nan ki gwada, ba abin da ya sauya."

Na bar shi a zaure na shiga ɗaki. Famfo ya kawo, ƙofa ta buɗe. Sai na sa ɗan tsani ƙarƙashin saƙon Malam, na rubuta wa Malam: "Ban yarda da mutumin nan ba."

Da na fito da ruwan sha, Sagir ya ɗago kai daga wayarsa yana murmushi.

"Haba Inna, me na yi miki?"

Ashe gyaran nasa ba ya tsallake layin, kai masa shi yake yi. Mabuɗin yana ƙulle a bakin zanena. Na ce masa Malam bai bar komai ba.