Kai Mi Kac Ce Mata?

Ranar da Kamila ta fara aikin kaka a kamfanin casar shinkafa a Wurno, Gidaɗo, saurayin da aka sa musu rana, ya tare ta a bakin ƙofa. Daga makaranta take, ko gida ba ta biya ba.

Ya gaishe ta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna tac ce surukarta ba ta ɗunkin buhu cikin maza. Ko ki bar aikin ga, ko a fasa."

"Gidaɗo, tun da ɓarayi sunka kore mu daga Gandi, Baba bai sake noma ba. In na bari, karatuna ya tsaya." Ta ɗago kai. "Na ji na Inna. Kai mi kac ce mata?"

Ya shiga murza makullin babur ɗinsa.

Ta jira har idonta ya ciko. Kalma ɗaya take so, ko ta ƙarya ce.

"To, a gai da Inna," ta ce a hankali.

Ta shige. Har ta kai rumfar buhuna tana kasa kunne, amma bai kira sunanta ba.