Kwalekwalen Baba

Har mutanen da mai saye ya aiko sun ɗora kwalekwalen da marigayi Baba ke kamun kifi da shi a bayan mota. Shi kaɗai ɓarayin daji suka bar mana, shi ya sa na je Katsina na sa tallarsa a intanet.

Direban ya miƙo mini wayarsa. "Ga shaida, ƙanwata. Yanzun nan Alhaji ya turo, kuɗin sun shiga."

Inna ta taɓa ni. "Bar su su tafi, kada a ce boko ya hana ki girmama baƙi."

Na haye motar, na zauna cikin kwalekwalen.

"Malam, sati shida ke nan babu sabis a nan Safana. Ta ina saƙon ya shigo? Sauke mana kayanmu."